Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastocinmu da dattawan ikkilisiya a kan lokacin shaida

Iyayena fastoci, masu bishara da dattawan ikkilisiya, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aikin Ubangiji, yaya kuma fama da mu? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya.

Ni 'yarku ce, malamar makarantar Lahadi, shekara 11 kenan ina tare da yara. Ban yi makarantar tauhidi ba, kuma na san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma akwai abin da mai zama a benci yake gani wanda ku da kuke tsaye a gaba ba lalle ku gani ba, domin ku daga nesa kuke kallon fuskokinmu, mu kuwa kafaɗa da kafaɗa muke zaune, in wata ta haɗiye kuka muna ji. Don haka ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Maganata a kan lokacin shaida ce, wato ɗan lokacin nan da ake ba mutum makirfo a cikin sujada ya faɗi abin da Allah ya yi masa. Ina ganin mun bar shi ya karkace, har ya zama ana kiran sunan Allah a farko da kuma ƙarshe, amma tsakiyar gaba ɗaya ta wani ce daban. Kuma da kaina zan fara, domin ni ma na aikata.

Shekara biyu da suka wuce ɗana ya kwanta asibiti, lokacin yana da shekara huɗu. Kwana tara muka yi, uku daga ciki yana kan oksijin, ni kuma ina zaune a kujerar roba kusa da gadon ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, in na ga kamar ya tsaya sai in sa hannu in taɓa. Allah ya tashe shi. Lahadi ta biyu bayan an sallame mu na fito gaba riƙe da hannunsa, na ce ku yabi Ubangiji, jama'a suka amsa, daga nan na shiga ba da labari. Na ce na yi azumi kwana bakwai, na ce ban taɓa fasa ba da zakkata ba ko a lokacin da muke cikin matsi, na ce na kira Baba fasto da tsakar dare ya yi addu'a ta waya na kanga wayar a kunnen yaron, kafin gari ya waye zazzaɓin ya sauka. Coci ta ɗauki tafi, mata suna guɗa, ni ma hawaye na zuba, kuma har ga Allah a lokacin zuciyata cike take da murna ba wani abu ba.

Da aka tashi muna fita sai wata 'yar'uwa ta riƙo hannuna a bakin ƙofa. Wata uku kafin nan ta binne 'yarta, yarinyar da take ajina, mai son zama a layin gaba. Ta shafa kan ɗana ta ce sannu da jiki yarona, sannan ta dube ni ta ce, "Malama, ni ma fa na yi azumin nan. Kwana goma na yi." Ba da faɗa ta faɗa ba, muryarta a ƙasa take, kamar mai neman a nuna mata inda ta yi kuskure. Na tsaya bakina a buɗe ban sami abin cewa ba, ta sake hannuna ta wuce.

Daren nan ban yi barci ba. Na riƙa maimaita shaidar tawa kalma bayan kalma, sai na ga ashe abin da na gaya wa jama'a shi ne ga abin da na biya, ga kuma abin da aka ba ni. Na mai da ran ɗana kamar ladan aikina. Kuma in dai haka ne, toh ita da ta rasa tata ai ta gaza biya kenan, abin da ta ji daga bakina kenan ko da ban yi nufin haka ba. Sai na tuna Bafarisiyen nan na Luka sura 18, shi ma ai da godiya ya buɗe baki, ya ce ya Allah na gode maka, amma daga nan sai lissafin kansa, yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da zakkar duk abin da ya samu, shi ba kamar sauran mutane ba ne. Na sha koya wa yara labarin nan, har wasan kwaikwayonsa mun yi, ban taɓa tunanin wata rana ni zan tsaya a wurinsa ba. Yesu ya ce mai karɓar harajin da ya tsaya can nesa yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai shi ya koma gida baratacce.

Iyayena, ba ina cewa azumi ko zakka ko addu'ar fasto ba su da amfani ba ne, sam. Har yau ina azumi, kuma in yarona ya sake kwanciya zan sake kiranku da tsakar dare. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya sayi numfashin ɗana. Kyauta aka yi mini, alheri ne zalla, kuma abin da ya kamata in faɗa kenan ranar.

Yanzu bari in zo kanku, da dukan ladabi. Mu 'yan benci abin da muka ga ana tafa wa shi muke koyo. In mutum ya fito ya ce Baba ya ɗora mini hannu sai kaza ya faru, mai riƙe da makirfo sai ya ce sake faɗa jama'a su ji, wane ne ya yi maka addu'a? A wane taro ne? Ka sayi man shafawar ko ba ka saya ba? Kafin yamma an yanko bidiyon an sa a Facebook da WhatsApp da hoton Baba babba a gefe da kwanan watan taro na gaba. Shaidar ta koma talla. Ba dukanku ne kuke haka ba, na san da yawa a cikinku abin yana damunku, na taɓa ganin wani tsohon fasto ya sunkuyar da kai har ya rufe fuska da hannu lokacin da ake ta kwarara masa yabo. Amma sunkuyar da kai kaɗai bai wadatar ba Baba, domin mu ba mu san abin da ke zuciyarka ba, shirunka muke gani mu ɗauka ka yarda.

Ku dubi abin da Bulus da Barnaba suka yi a Listira, Ayyukan Manzanni sura 14. Wani gurgu tun daga cikin uwarsa ya miƙe ya yi tafiya, mutanen garin suka ce alloli sun sauko da siffar mutane, suka kira Barnaba Zafsa, Bulus kuma Hamisa don shi ne mai magana, har firist ɗin gunkin ya jawo bijimai da furanni zai yi musu hadaya. Manzannin nan ba su yi murmushi sun ce a'a a bari mana ba. Tufafinsu suka kyakketa, suka ruga cikin taron suna ihu cewa mu ma mutane ne kamarku, ku juyo ga Allah mai rai. Kuma abin da yake taɓa ni a wurin shi ne irin shaidar da suka ba da game da Allah, ba su ma tsaya a kan warkar da gurgun ba, cewa suka yi shi ne yake ba ku ruwan sama da damina mai albarka, yake cika zukatanku da farin ciki. Bayan wannan ba da daɗewa ba aka zuga mutanen garin suka jajjefi Bulus har suka ɗauka ya mutu suka ja shi bayan gari. Da ya karɓi bijiman nan ƙila da ba a jefe shi ba, amma ya gwammace duwatsu da ya taɓa abin da yake na Allah.

Bitrus ma haka. Mutumin da ya fi shekara 40 gurgu ne, kullum ana ajiye shi a ƙofar Haikali yana bara, ya warke yana tsalle, jama'a suka taru, kalmar farko da Bitrus ya faɗa ita ce don me kuke zura mana ido kamar da ikonmu ko da ibadarmu muka sa shi tafiya? Ku lura har ibadar tasu ya cire daga lissafi. Da Karniliyas ya faɗi a ƙafafunsa kuma ɗaga shi ya yi ya ce tashi, ni ma mutum ne.

Akwai kuma Elisha da Na'aman, wanda yarana suke so ƙwarai saboda nutso bakwai a Kogin Urdun. Na'aman, babban jarumin Suriya mai fama da kuturta, ya zo da dawakai da karusai da talanti 10 na azurfa da zinariya 6,000 da riguna 10, annabin ko fitowa bai yi ba, aike ya yi masa. Na'aman har ya yi fushi domin ya ɗauka za a fito a tsaya a kira sunan Ubangiji a kaɗa hannu a kan wurin ciwon, wato yana so a yi masa abin kallo. Ni a fahimtata da gangan Elisha ya ɓoye kansa, don kada mutumin ya koma gida yana cewa akwai babban annabi a Isra'ila. Kuma ga abin da ya fito daga bakinsa bayan ya warke: yanzu na sani babu Allah a duk duniya sai a Isra'ila. Ya kawo kyauta Elisha ya rantse ba zai karɓa ba. Gehazi baran Elisha ne ya bi shi a baya da ƙarya ya karɓo talanti biyu da riguna biyu, kuturtar kuwa ta koma kansa. Duk lokacin da na ga an haɗa shaidar warkarwa da lambar asusun banki a fosta ɗaya, Gehazi nake tunawa, jikina ya yi sanyi.

Man shafawa da ƙyalle da sitika da ruwan da ake rabawa kuwa, don Allah ku tuna da macijin tagulla. Allah da kansa ya umarci Musa ya yi shi, mutanen da macizai suka sara sun dube shi sun rayu, amma da aka kai zamanin sarki Hezekiya aka tarar Isra'ilawa suna ƙona masa turare, sai ya farfashe shi, yana nan a 2 Sarakuna sura 18. In har abin da Allah ya ce a ƙera zai iya zama gunki, ina ga kwalbar da mu muka cika da hannunmu? Na ji wata da kunnena tana cewa sitikar da ke jikin motarsu ce ta tsare su a hatsari. Ba ta da mugun nufi, baiwar Allah ce mai son Ubangiji, abin da aka koya mata ta faɗa, kuma babu wanda ya gyara mata.

Ba tsoratar da ku nake so in yi ba, amma ina ƙaunarku shi ya sa zan ambaci sarki Hirudus na Ayyukan Manzanni sura 12. A Kaisariya ya sa kayan sarauta ya hau gadonsa ya yi wa mutanen Taya da Sidon jawabi, suka yi ta ihu wannan muryar allah ce ba ta mutum ba. Ba shi ya faɗa ba fa, su suka faɗa, shi dai ya yi shiru ya ji daɗi. Littafi ya ce nan take mala'ikan Ubangiji ya buge shi domin bai ba Allah girma ba, tsutsotsi suka cinye shi ya mutu. Masanin tarihin Yahudawa Yusufus ma ya rubuta labarin, ya ce rigar ta azurfa ce mai ƙyalli da hasken safiya, kuma kwana biyar ya yi yana fama da ciwon ciki kafin ya mutu, a shekara ta 44 bayan haihuwar Almasihu. Laifinsa shiru ne a lokacin da ya kamata ya ce a'a. Ko Musa bawan Allah, ranar da ya tsaya gaban dutse cikin fushi ya ce mu fito muku da ruwa daga dutsen nan, ya buge shi sau biyu, ruwa ya fito kam jama'a suka sha, amma shi bai taka ƙasar alkawari ba.

Toh wannan gefe ɗaya kenan. Ɗaya gefen kuma namu ne mu 'yan ikkilisiya, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa. Yaran da na koyar a shekaruna na farko yanzu wasu sun gama jami'a sun sami aiki, in ka duba abin da suke rubutawa a intanet sai ka ga ni na gina kaina, ba wanda ya taimake ni, gumina ne. Na san sun yi gumi, na ga wasunsu suna karatu har idonsu ya yi ja. Amma wa ya ba su kan da ya ɗauki karatun? Wa ya tsare su daga ciwon da ya kwantar da wani sa'ansu a makon jarrabawa? Musa ya hango wannan tun Isra'ilawa ba su haye Urdun ba. A Maimaitawar Shari'a sura 8 bai ce ku yi hankali lokacin da kuke jin yunwa ba, cewa ya yi sa'ad da kuka ci kuka ƙoshi, kuka gina gidaje masu kyau, dukiyarku ta yawaita, a nan ne za ku ce a zuci ƙarfina da ikon hannuna suka samo mini wannan. Ya ce ku tuna da Ubangiji domin shi yake ba ku ikon samun dukiyar. Mai wahala bai cika mantawa da Allah ba, ni shaida ce, a kujerar robar nan ta asibiti ko minti biyar ban yi ba tare da kiran sunan Yesu ba. Bayan wata shida da sallama kuwa akwai ranakun da nake kwanciya ban ce na gode ba.

Nebukadnezzar an yi masa gargaɗi, aka ba shi wata 12 cur, sannan wata rana yana yawo a kan benen fadarsa ya dubi Babila ya ce ba wannan ce babbar Babila da na gina da ƙarfin ikona domin darajar sarautata ba? Maganar tana bakinsa hukunci ya sauko, ya koma cin ciyawa kamar sa, sai da ya ɗaga ido sama hankalinsa ya dawo. Gidiyon kuma ya tara mutum 32,000 domin yaƙi, Allah ya ce sun yi yawa, 22,000 suka koma gida, saura 10,000 ya ce har yanzu sun yi yawa, sai da suka zama 300, kuma Allah ya faɗi dalilinsa a fili, don kada Isra'ila ta yi fariya ta ce hannuna ne ya cece ni. Ya san halinmu sarai.

Ayar da ta fi kama ni tun bayan abin nan ita ce tambayar Bulus a 1 Korintiyawa 4:7, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? In kuwa karɓa ka yi, don me kake fariya kamar ba ba ka aka yi ba? Agustin, bishop ɗin Hippo a arewacin Afirka, inda yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta da kansa cewa da yana ɗauka bangaskiyar da muke gaskata Allah da ita daga gare mu take, wannan ayar ce ta nuna masa kuskurensa. Wato ko bangaskiyar da na yi azumin nan da ita ba tawa ba ce, ba ni aka yi. Wannan ba ya nufin mutum ya naɗe hannu. Bulus ɗin nan dai ya ce ya fi sauran manzanni duka yin aiki, bai ɓoye ba, amma bai ko sauke numfashi ba ya ƙara da cewa ba ni ba ne, alherin Allah ne da yake tare da ni. Haka nake so ku koya wa matasanmu su riƙa magana, su faɗi wahalar da suka sha ba laifi, amma su ƙarasa jimlar.

Akwai wani kuskure kuma da nake so ku taɓa a wa'azi, domin wasu sun ɗauka ba Allah girma yana nufin a share mutane. A shaidar tawa na kira azumina na kira fasto, amma ban ambaci nas ɗin da ta shigo wajen ƙarfe uku na dare ta ga robar oksijin ta zame daga hancin yaron ni kuma barci ya sace ni, ta gyara ta zauna kusa da shi har numfashinsa ya daidaita ba. Ban ambaci mutumin da ya ba da jininsa ba, wanda ko fuskarsa ban gani ba. Su ne hannuwan da Allah ya yi aiki da su, kuma da na faɗi haka da girman Allah ya ƙara fitowa, domin wa ya tashe ta ta shigo ɗakin a daidai wannan minti? Daga baya na koma asibitin na neme ta na gode mata, ta yi mamaki har ta ce ba a cika dawowa ba. Ku karanta Romawa sura 16 ku ga yadda Bulus ya jera sunayen mutane sama da 20 yana gaishe su, Fibi da ta taimaki mutane da yawa har da shi, Bilkisu da Akila da suka sa wuyansu a hatsari saboda ransa, mahaifiyar Rufus da ya ce shi ma uwa ce a gare shi, sannan ya rufe wasiƙar da ɗaukaka ga Allah makaɗaicin mai hikima. Bai ga saɓani a ciki ba. A wata wasiƙar ma cewa ya yi, ni na shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya girma. Kowa an faɗi aikinsa, amma an san mai rayarwa. Akwai magidanta da za su tsaya gaban jama'a su ce Allah ya riƙe gidana a shekarar da ba ni da aiki, kuma gaskiya ne, amma matar da Allah ya riƙe gidan ta hannunta tana zaune a wurin ko sannu ba a taɓa ce mata ba. Wannan ba tawali'u ba ne Baba, butulci ne aka lulluɓe da sunan Allah.

Sai kuma irin abubuwan da muke ɗauka sun isa shaida. Mota, biza, sabon aiki, aure, haihuwa, gida. Duk alheri ne, ina murna da masu su. Amma yaushe rabon da wani ya fito ya ce Allah ya cire mini zafin rai, bana ban ɗaga wa matata murya ba? Ko wata ta ce na yafe wa wadda na riƙe a zuciya shekara bakwai? Akwai wani tsoho a cocinmu, ya kusa 80, wata Lahadi ya tako a hankali da sandarsa ya karɓi makirfo ya ce shi dai ya zo ya gode wa Allah ne domin ya kwana ya tashi, idonsa ba ya gani sosai yanzu amma jikarsa tana karanta masa Zabura kowace safiya. Mai jagorar sujada ya ce amin Baba mun gode, ya karɓe makirfon da sauri domin akwai mai shaidar mota a layi. Tafin da aka yi wa tsohon nan ko rabin na motar bai kai ba, yarana kuma suna zaune suna kallo suna koyon wanne ne babban abu a wurin Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni ina tanƙwarawa a aji minti 40, babban ɗakin sujada yana mayar da shi yadda yake. Kutare 10 Yesu ya warkar, ɗaya tak ya dawo yana yabon Allah da babbar murya ya faɗi a gabansa, shi ma Basamariye, Yesu ya tambaya ina taran? Mu da muke numfashi kyauta, muke gani, muke taka ƙasa da ƙafafunmu, an gafarta mana zunubi da jinin da ba mu biya ba, sau nawa muke cikin taran nan ba mu sani ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan. Ku buɗe wa waɗanda ba su sami abin da suka roƙa ba wuri a lokacin shaida. Surar nan ta 12 ta Ayyukan Manzanni da muke so saboda mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, sarƙoƙi suka zube ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, a farkonta Hirudus ɗin nan ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Sarki ɗaya, sura ɗaya, manzanni biyu na Yesu, ɗaya ya fita ɗaya an sare shi. Wa zai ce Bitrus ya fi Yakubu ibada? Ibraniyawa 11 ma bayan ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, sai ta ci gaba da waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, ta ce duka an yaba musu saboda bangaskiyarsu. Habakuk ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko babu shanu a garke, zai yi murna da Ubangiji. Ayuba ya rasa 'ya'ya 10 ya ce Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa. In waɗannan suka zo cocinmu yau anya za mu ba su makirfo?

Don haka roƙona gare ku iyayena, in mutum yana ba da shaida ya fara jingina abin a kanku, ku miƙe a take ku gyara da bakinku, cikin ƙauna, a gaban kowa, ko da zai rage wa taron armashi. In ya fara lissafin azuminsa da baikonsa kamar yadda na yi, ku ja shi gefe bayan sujada ku tuna masa akwai masu makoki a benci. Da wani dattijo ya yi mini haka da na gode masa. Ku cire hotunanku daga bidiyon shaidar mutane. Kuma kafin a buɗe lokacin shaida ku riƙa ɗaukar ko minti biyu ne ku karanta mana Zabura 115 aya ta farko, ba gare mu ba ya Ubangiji, ba gare mu ba, ga sunanka za a ba da girma, don kowa ya san abin da ya fito yi.

Na je gidan 'yar'uwar nan bayan sati biyu na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ɗaga ni, muka yi kuka tare, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Yanzu ita take taimaka mini a ajin ƙananan yara, ita take ɗaura musu igiyar takalmi tana share musu hanci. Kwanan baya muna tattara kujeru ta gaya mini wani abu. Ta ce daren da 'yarta ta cika mijinta yana kan hanya bai iso ba, ita kaɗai ce a barandar asibiti, sai wata mata da ba ta sani ba, mai jinyar nata mara lafiyan a wani ɗaki, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ita ta riƙe mata hannu har gari ya waye, ba ta yi mata wa'azi ba, ko sunanta ba ta tambaya ba. Ta ce ta tabbata Allah ne ya aiko matar nan, kuma tun lokacin take so ta tsaya gaban ikkilisiya ta gode masa a kan wannan, da kuma shekara shida da ya ba ta tare da yarinyar, amma tana tsoro kada ta ɓata wa mutane sujada, domin ba za su san ko su tafa ko su yi shiru ba.

Na ce mata zan rubuta muku. Tana zama a benci na biyu daga baya, gefen taga. Don Allah Baba ku aika a kira ta, ku tsaya kusa da ita lokacin da take magana.

'Yarku cikin Ubangiji,
Malamar makarantar Lahadi